Ɓeran Gwaji da Cutar Amiba: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan abu guda, wato yadda masu bincike ke amfani da ɓeraye don gano yadda garkuwar jiki ke tunkarar amiba, ƙwayar cutar nan mai haddasa atuni da ƙurjin hanta. Sunanta na kimiyya Entamoeba histolytica. Likita Fedor Lösch ne ya bayyana ta a 1875 a ƙasar Rasha, a bayan gidan wani mai fama da zawo da jini, Fritz Schaudinn kuma ya raɗa mata suna a 1903. Kama biyu gare ta. Akwai sist, mai ɓawo mai tauri, wadda ke fita cikin bayan gida ta jure zaman waje har wani ya haɗiye ta a ruwa ko abinci. Akwai kuma tirofozoyit, mai motsi, wadda ke zama cikin babban hanji, ita ce mai ɓarnar. A cikin mutum goma da suka kamu, kusan tara ba sa nuna alamar komai. Abin da ya sa na goman ke kwanciya ciwo, wani ma har ya rasa ransa, shi ake nema a jikin ɓera.

Tambaya: Na karanta cewa amiba cutar ɗan Adam ce, ba ta kama ɓera da kanta. To mene ne amfanin gwada ta a jikin dabbar da ba ta ɗaukarta? Daga wata ɗalibar ilimin ƙananan halittu.

Amsa: Abin da kika karanta gaskiya ne, Malama, daga nan ma wahalar aikin ta faro. Ko an ɗura wa ɓera sist ta baki, ba ya kamuwa yadda mutum ke kamuwa. Ga shi kuma samar da sist da yawa cikin kwalba abu ne mai wuyar gaske, shi ya sa masu nazarin yadda amiba ke yin ɓawo suka daɗe suna aron 'yar uwarta Entamoeba invadens, mai kama macizai da ƙadangaru. Abin da ke hannun mai bincike tirofozoyit ce, ita kuwa ruwan tsamin ciki na halaka ta. Saboda haka dole a tsallake baki da tumbi, a kai ta da allura har inda za ta zauna.

An gwada wasu dabbobin kafin ɓera. Shi kansa Lösch karnuka ya sa wa cutar. Daga baya aka koma ga 'ya'yan kyanwa, sannan hamsta da jabil, ƙananan dabbobi dangin ɓera, waɗanda har yau ana amfani da su wajen nazarin ƙurjin hanta. Ɓera ya sha gabansu ne saboda kayan aiki. Akwai zuriyoyin ɓeraye da aka daɗe ana haɗa wa da ƙanwa a cikinsu har kowane ɗaya ya zama tamkar tagwayen ɗan uwansa ta fuskar gado. Akwai waɗanda aka cire wa ƙwayar gado guda ɗaya tak. Akwai magungunan da za su share wani nau'in fararen ƙwayoyin jini kaɗai su bar sauran. Ba wanda zai kwashe wa yaro wani ɓangare na garkuwarsa don ya ga abin da zai faru, amma a ɓera ana iya yi, a kuma maimaita.

Babban ci gaban ya zo a 2002, lokacin da Eric Houpt da abokan aikinsa a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka nuna cewa idan aka zuba tirofozoyit kai tsaye cikin sikam, wato jakar nan da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babba, kusan kashi 60 cikin ɗari na ɓerayen zuriyar C3H suna kamuwa da ciwo mai daɗewa, da gyambo da kumburi masu kama da na mutum. Ɓerayen C57BL/6 da BALB/c kuwa suka ƙi kamuwa. Wannan bambancin shi ne ribar. Tun da ga mai kamuwa ga mara kamuwa, sai a bi diddigi a ga ina suka rabu.

Tambaya: Ina son ku bayyana mini aikin daki-daki, tun daga kwalbar amiba har zuwa ɗinke cikin ɓera. Daga wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje.

Amsa: Kafin komai, Malam, wannan aiki ba ya halatta sai da izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji, a ɗakin gwaji mai matakin tsaron ƙwayoyin cuta na biyu, a hannun wanda aka koya wa tiyatar ƙananan dabbobi ido da ido. Bayaninmu na fahimta ne, ba ya maye gurbin wannan horon.

A fara da amibar. Yawancin ɗakunan bincike suna amfani da iri mai suna HM-1:IMSS, wadda aka samo daga wani majiyyaci a Meziko a 1967. Ana renonta cikin ruwan abinci mai suna TYI-S-33, wanda Louis Diamond ya wallafa haɗinsa a 1978. A cikinsa akwai narkakken furotin, da ruwan yis, da ƙarfe, da sinadarin sistin da bitamin C masu rage iskar oksijin, sannan ruwan jinin saniya kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ruwan jinin nan sai an ɗumama shi a digiri 56 na minti 30, domin a kashe wasu furotin na garkuwa da ke cikinsa masu fasa amiba. Ana cika kwalbar kusan baki a ɗaure murfin sosai, tunda amiba ba ta son iska da yawa, a ajiye a zafin digiri 35.5 zuwa 37.

Lokacin girbi yana da muhimmanci ƙwarai. Ana ɗibarta tana tsakiyar hayayyafa, wajen awa 48 zuwa 72 bayan an sauya mata abinci. Idan ka duba ta madubin ƙara girma a wannan lokacin za ka gan ta manne a jikin gilashi, tana miƙa ƙafa guda mai haske tana jan jiki. Idan ka tarar ta dunƙule tana yawo a ruwa, ta tsufa ko ta wahala, kada ka sa ta a dabba. Ana tsoma kwalbar cikin ƙanƙara na minti 5 zuwa 10 don ta saki gilashin, a juya a hankali na kamar minti 5 a injin da ke kwantar da ƙwayoyi ƙasan kwalba, a zubar da ruwan sama. Sai a ƙirga a gilashin ƙirga tare da shuɗin rini na tiripan, wanda ke shiga matattu kaɗai. Adadin da aka saba sa wa ɓera guda miliyan 2 ne cikin mikrolita 150, wato kimanin miliyan 13.3 a kowace mililita. Daga ƙirga zuwa allura kada a ɓata lokaci.

Sai ɓeran. Galibi ɗan mako 6 zuwa 10 ake ɗauka, a auna nauyinsa a rubuta. Ana sa shi barci da iskar aisofuloren, ko da haɗin ketamin da zailazin gwargwadon nauyinsa, a ba shi maganin kashe raɗaɗi irin su bufrenofin tun kafin wuƙa ta taɓa shi. A shafa masa man ido, don ɓeran da ke barcin magani ba ya ƙyafta ido, idon na iya bushewa. A kwantar da shi kan shimfiɗa mai ɗumi, saboda ƙaramin jiki irin nasa yana rasa zafi cikin 'yan mintuna, kuma sanyi na daga cikin abubuwan da suka fi kashe su a teburin tiyata. A matse yatsan ƙafarsa, idan bai janye ba barcin ya kai.

Bayan aski da wanke fata, ana tsaga ciki a tsakiya kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a jawo sikam waje a hankali a ɗora kan gauz mai danshin ruwan gishiri. Sikam ɗin ɓera babba ne, a lanƙwashe kamar ƙugiya, bangonsa siriri har kana hango abin da ke ciki. Da siririyar allura, lamba 27 zuwa 30, ake zuba amibar, sau da yawa a raba ta gida uku, mikrolita 50 a farkon jakar, 50 a tsakiya, 50 a ƙarshe. Kafin kowace allura a kaɗa sirinjin, domin amiba tana da nauyi, tana kwantawa ƙasa. Wanda bai kaɗa ba, wani ɓeran zai sami ruwa kusan zalla, wani ya sami ninki biyu. In an zare allura sai a danne ramin da auduga na ɗan lokaci. Ɗigo ɗaya da ya zubo cikin kogon ciki ya isa ya jawo kumburin ciki da ruɓa, dabbar ta wahala a banza, sakamakon kuma ya lalace. A mai da hanji mazauninsa, a ɗinke tsoka daban, fata daban, a bar shi wuri mai ɗumi har ya farfaɗo.

Kada a manta da rukunin kwatanci. Su ma ana yi musu tiyatar nan sak, a zuba musu ruwan renon ba tare da amiba ba. Tsaga ciki kaɗai yana tayar da garkuwar jiki, idan babu wannan rukunin ba za ka san wane kumburi ne na amiba wane ne na wuƙa ba.

Tambaya: Mun bi duk matakan da ke rubuce, amma bayan mako guda ba mu sami amiba a ko ɗaya daga cikin ɓerayenmu takwas ba. Ina matsalar take? Daga wata ɗalibar digiri na biyu.

Amsa: Kada ki karaya, wannan matsalar sananniya ce, kuma yawanci ana gano tushenta. Tunda ba ki faɗi zuriyar ɓerayen ba, daga nan za mu fara. Idan C57BL/6 ne, to sun yi abin da aka san su da shi, suna kawar da amiba cikin sa'o'i kaɗan. Mai son ciwo ya kafu a hanji CBA/J ko C3H zai nema. Game da C3H/HeJ akwai abin lura: suna da tawaya a ƙwayar gadon TLR4, wadda ke jin warin bakteriya, don haka duk abin da aka gani a jikinsu ya kamata a gwada shi a 'yan uwansu masu lafiyayyar TLR4, irin su C3H/HeN.

Idan zuriyar daidai ce, sai a tuhumi amibar, kuma a ganinmu ita ce ta fi yawan laifi. Amibar da ta shekara da shekaru ana juya ta daga kwalba zuwa kwalba tana rasa kaifinta. Tana nan da rai, tana hayayyafa lafiya lau, amma ba ta iya kafuwa a hanji. Maganin abin shi ne a riƙa bi da ita ta jikin dabba lokaci zuwa lokaci: a sa ta a sikam ɗin ɓera mai kamuwa, bayan 'yan kwanaki a ɗebo abin da ke ciki a rena, a ci gaba da waɗanda suka tsira. Wadda aka ɗebo daga hanji tana zuwa da bakteriya, sai an sarrafa su da maganin kashe bakteriya a ruwan renon, kuma rukunin kwatanci dole ya sami irin wannan ruwan da bakteriyarsa. Ki kuma tabbatar ainihin abin da ke kwalbarki. Entamoeba dispar, wadda aka tabbatar jinsi ce daban a 1993, kamarsu ɗaya da histolytica a madubi, amma ba ta cin hanji. Gwajin PCR, mai gano ƙwayoyin gadon halitta, shi ne ke raba su.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa, wato bakteriyar da ke cikin hanjin ɓeran tun asali. A 2014 Stacey Burgess da abokan aikinta sun nuna cewa ɓerayen da ke ɗauke da wata bakteriya mai siffar zare mai gaɓa-gaɓa, wadda ake taƙaita sunanta da SFB, sun fi tsira daga amiba, saboda hanjinsu na samun ƙarin fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, da sinadarin garkuwa mai suna IL-17A. An kuma san tun 2009 cewa ɓerayen C57BL/6 na kamfanin Taconic suna ɗauke da wannan bakteriya, na Jackson kuwa babu. Ke nan zuriya ɗaya daga masu kiwo biyu na iya ba da amsa biyu. Daga baya, a 2020, aka gano wata bakteriyar hanji mai suna Clostridium scindens ma tana ba da kariya ta wata hanya mai ban mamaki: tana sauya sinadaran ɗacin matsarmama, saƙon ya isa ɓargo, ɓargo ya ƙara shirin samar da nutrofil. Ɓeraye suna cin kashin juna, saboda haka waɗanda ke keji ɗaya bakteriyarsu takan zama iri ɗaya. Idan kika zuba duk masu magani a keji guda, marasa magani a wani kejin, ba za ki iya rabe tasirin magani da tasirin keji ba. A gauraya su, a sayo su daga wuri ɗaya, jinsi ɗaya, shekaru ɗaya, a bar su su huta aƙalla mako guda bayan isowa. Ki bincika kuma ko an taɓa sa musu maganin kashe bakteriya a ruwan sha.

Sannan yaya kika nemi amibar? Hanya ɗaya ba ta isa. Renon abin da ke cikin sikam yana nuna mai rai, amma bakteriya na iya mamaye kwalbar su kashe ta kafin a gani. Gwajin ELISA na neman furotin ɗin amiba a kashi. PCR na da kaifi sosai, sai dai yana kama har gawar amiba. Yankan nama a duba a madubi shi ke nuna ɓarnar kanta, kuma rinin PAS yana fito da amiba jajir a bakin gyambo, wani lokaci da jajayen ƙwayoyin jini a cikinta. Mai son ganin majinar hanji ya adana naman a ruwan Carnoy, don fomalin yana lalata ta. Wanda zai ba wa yankan maki kada ya san rukunin da ya fito.

Game da adadi, takwas sun yi kaɗan ga yawancin tambayoyi. A ce kina sa ran kashi 70 cikin ɗari na marasa rigakafi za su kamu, na masu rigakafi kuma kashi 30. Lissafin da aka saba yi zai ba ki kimanin ɓeraye 24 a kowane rukuni kafin ki sami kyakkyawar damar ganin bambancin.

Tambaya: A taƙaice, wane ɓangare na garkuwar jiki ne ke kare mutum daga amiba? Daga wani malamin kimiyya.

Amsa: Taƙaitawar za ta yi wuya, Malam, don abin da ɓera ya koya mana shi ne garkuwar da ke kariya ita ce kuma wani lokaci ke ƙara ɓarna.

Katangar farko majina ce. Bangon babban hanji na lulluɓe da majina mai kauri da furotin MUC2 ke samarwa. Amiba na manne mata da wani furotin mai suna lektin na Gal/GalNAc, sannan ta yanka ta da sinadaran narkar da furotin, musamman EhCP-A5. Ɓerayen da aka cire wa MUC2 sun fi samun kumburi da yoyon bangon hanji. Idan ta isa ga ƙwayoyin shimfiɗar hanji, takan riƙa gutsurar su da rai har su mutu, kamar yadda Katherine Ralston ta nuna a 2014.

A 2006 Shinjiro Hamano da abokan aikinsa sun yi gwajin da muke ganin ya cancanci kowane ɗalibi ya san shi. Sun yi musayar ɓargo tsakanin ɓerayen CBA masu kamuwa da C57BL/6 marasa kamuwa. Da a ce sirrin yana cikin fararen ƙwayoyin jini, da juriyar ta bi ɓargo. Ba ta bi ba, ta tsaya tare da jikin da aka dasa wa. Wato bangon hanjin ne ke ƙin amibar. Amma bangon ba ya iya wannan aiki sai ƙwayoyin jini sun samar masa da IL-10, sinadarin da ke kwantar da kumburi. Da aka cire IL-10, ɓeran da ba ya kamuwa ya koma mai kamuwa.

Nutrofil, fararen ƙwayoyin da ke fara isa wurin rauni, suna kariya a farkon kamuwa. Da aka share su a ɓerayen CBA, ciwon ya ƙaru. Ga masu son maimaita gwajin, maganin sharewa mai kama alamar Gr-1 da ke jikin nutrofil yana haɗawa da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosait, wanda ake kira 1A8 shi ya fi tsayawa kan nutrofil kaɗai.

Ƙwayoyin T masu alamar CD4, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu tsara aikin garkuwa, su ne suka zo da abin mamaki. A gwajin 2002, da aka share su daga ɓerayen da ciwo ya riga ya kafu a jikinsu, kumburi ya ragu, adadin amiba ma ya ragu. Bayanin ya fito daga baya: a ɓeran da ciwon ya daɗe, ƙwayoyin suna zuba sinadarin IL-4, wanda ke danne wani sinadarin garkuwa mai suna IFN-gamma, shi kuwa IFN-gamma shi ke zaburar da makrofej, manyan fararen ƙwayoyi masu haɗiye ƙwayoyin cuta, su kashe amiba. Shi ma IL-17 fuska biyu gare shi. A ɓerayen da aka yi wa rigakafi yana cikin masu kariya, amma wani bincike a Japan ya nuna yana taimaka wa amiba ta daɗe a hanji. Lokaci da yanayi ne ke sauya aikinsa.

Abin da ke ƙarfafa gwiwa shi ne wasu sakamakon sun dace da na mutane. A unguwar Mirpur ta birnin Dhaka a Bangaladash, Rashidul Haque da William Petri sun bi yara shekara da shekaru. Sun ga yaran da ke da antibodin IgA (furotin ɗin garkuwa da hanji ke fitarwa) mai kama lektin a bayan gidansu sun fi tsira daga sabon kamuwa, ko da yake kariyar ba ta daɗewa, kuma masu samar da IFN-gamma da yawa sun fi tsira daga zawon amiba. A 2011 aka gano a cikin yaran nan cewa sauyi guda a ƙwayar gadon da ke karɓar saƙon leftin, wanda ake kira Q223R, yana ninka haɗarin kamuwa kusan sau huɗu. Leftin sinadari ne da kitsen jiki ke fitarwa, yana kuma raguwa a jikin yaro mai tamowa. Da aka koma ga ɓera, marasa leftin suka kamu da ciwo mai tsanani, aka kuma gano a shimfiɗar hanji saƙon ke aiki. An ga abu a yara, ɓera ya bayyana dalilinsa. Wannan shi ne amfanin ɓera mafi inganci a wurinmu.

Tambaya: Me ya sa ƙurjin hanta na amiba ya fi kama maza? Ɓera ya ce wani abu a kan haka? Daga wata ma'aikaciyar jinya.

Amsa: Ya ce, Malama. A cikin manya, maza sun ninka mata kusan sau goma wajen wannan ƙurji, alhali a yara ba a ganin irin wannan ratar. Don nazarinsa ana zuba amiba kai tsaye cikin ɓangaren hagu na hanta. Da farko an yi amfani da ɓerayen SCID, marasa ƙwayoyin T da B, tun 1992. A 2006 Hannelore Lotter da abokan aikinta a Cibiyar Bernhard Nocht da ke Hamburg a Jamus suka yi gwajin a C57BL/6 masu cikakkiyar garkuwa. Matan sun kawar da amibar cikin kwana 3, a mazan kuwa ana samunta da rai har kwana 14. Matan suna saurin fitar da IFN-gamma daga wasu ƙwayoyi da ake kira NKT. A 2013 suka nuna cewa idan an dandaƙe namiji ƙurjinsa na raguwa, idan an ba mace testostiron, sinadarin mazakuta, nata na ƙaruwa. A shekarar kuma aka ga cewa babban ɓangaren ɓarnar hantar daga makrofej da monosait na ɓeran kansa yake, ta hanyar sinadarin TNF. Ki lura zuriyar da ke ƙin amiba a hanji ita ce ke ɗaukarta a hanta. A mutum amiba na bin jijiyar jini daga hanji zuwa hanta, a ɓera kuwa allura ce ke kai ta, don haka wannan gwajin ba ya bayyana yadda take yin tafiyar.

Tambaya: Anya wannan ba azabtar da dabba ba ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Dabbar tana jin ciwo, ba za mu ɓoye ba, kuma alhakinta na wuyan mai binciken. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a maye gurbin dabba da wani abu in zai yiwu, a rage adadinta, a sauƙaƙa mata wahala. A aikace, ana duba ɓeran kullum a auna shi. Idan ya rasa kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, ko ya takure gashinsa ya tashi ya daina ci, ana kashe shi ta hanya mara raɗaɗi ba tare da jiran ranar da aka tsara ba. Tambayoyi da dama, kamar yadda amiba ke manne wa ƙwaya ko yanka majina, ana amsa su da ƙwayoyin hanjin mutum da aka rena a faranti, ko guntun hanjin da aka cire a tiyata da yardar majiyyaci. Gwajin da aka tsara da sakaci, wanda ba zai ba da amsa ba, shi ne zalunci mafi muni, don dabbobin sun sha wuya ba a ƙaru da komai ba.

Tambaya: Tunda an yi nasarar rigakafi a ɓera, me ya hana a fara yi wa yara? Daga wani ɗalibin likitanci.

Amsa: Har yanzu babu rigakafin amiba da aka amince a yi wa mutane. Wanda ya fi nisa a gwajin dabbobi an gina shi ne kan LecA, wani yanki na babban sashen lektin ɗin da muka ambata. Tun 2004 aka nuna rigakafin lektin yana rage kamuwa a ɓera, daga baya aka ga ana iya ɗauke kariyar daga wannan ɓera zuwa wancan ta hanyar dasa ƙwayoyin T, kuma idan aka toshe IFN-gamma kariyar na rushewa. Ana ta gwada sinadaran ƙarfafa rigakafi daban-daban, har da ɗigawa ta hanci don a tayar da IgA a hanji. Kariyar da ake samu ba cikakkiya ba ce, wasu ɓerayen na kamuwa duk da rigakafin.

Tazarar da ke tsakanin ɓera da yaro ba ƙarama ba ce. Ɓeran gwaji yana karɓar tirofozoyit miliyan 2 lokaci guda ta allura, yaro kuwa yana haɗiyar sist kaɗan-kaɗan, sau da yawa, shekara bayan shekara. Ɓeran ƙosasshe ne, an tsare shi daga cututtuka, yaron da ya fi buƙatar rigakafin kuwa sau da yawa yana fama da tamowa da tsutsar ciki da wasu cututtukan hanji a lokaci guda. Ɓera ba shi da ƙwayar gadon IL-8, sinadarin da hanjin mutum ke kiran nutrofil da shi, wasu makamantansa yake amfani da su. Wannan gibin ne ya sa a 1997 ɗakin binciken Samuel Stanley a Amurka ya dasa guntun hanjin ɗan Adam a ƙarƙashin fatar bayan ɓerayen SCID, aka sa masa amiba, aka ga ƙwayoyin hanjin mutum suna fitar da IL-1 da IL-8. Amma shi ma wannan ɓeran ba shi da ƙwayoyin T da B, bai dace da gwajin rigakafi ba.

Kafin rigakafi ya samu, maganin da ke hannu yana aiki idan an yi shi daidai: metronidazol ko tinidazol don kashe amibar da ta shiga nama, sannan a bi da faromomaisin don share wadda ta rage cikin hanji, in ba haka ba ciwon na iya dawowa, mutum kuma ya ci gaba da yaɗa sist. Tunda likitanci kake karanta, ka riƙe wannan da kyau: atunin amiba na iya kama da cututtukan kumburin hanji da ake yi wa magani da siteroyid. Idan aka ba mai amiba siteroyid bisa kuskure, garkuwarsa na faɗuwa, ciwon ya yi tsanani har hanji ya huje. Duk majiyyacin da ya zo da zawo da jini, a yi masa gwajin amiba kafin a rubuta masa siteroyid.